Ɗan New Bell Ba Baƙo Ba Ne, Ku Daina Raba Shi Gida Biyu

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar BEPC ya fito, magana ɗaya ce ke yawo a majalisun unguwar New Bell ta birnin Duwala a Kamaru, daga ƙofar masallaci har teburin mai shayi: yaranmu ba sa son karatu. Wani ya ce waya ce ta lalata su, wani ya ce ƙwallo, wani kuma ya ce ai dama Bahaushe da kasuwa aka san shi. Na gaji da jin wannan magana, kuma zalunci ce tsagwaronta. Yaron da ake ɗora wa laifin nan, tun yana ajin farko muke aza masa kayan da babba ma ba zai iya ɗauka ba. Da safe makaranta ta nuna masa shi baƙo ne a garin da aka binne cibiyarsa. Da yamma gida ya nuna masa ya fara fita daga cikin Hausawa. A tsakanin nan ake so ya natsu ya haddace lissafi.

A duba ƙasar da yake takawa. New Bell ba jiya aka kafa ta ba. Jamusawa ne suka yanke ta gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da suka ƙwace filayen 'yan ƙabilar Duwala na bakin kogin Wuri don su gina unguwar Turawa, suka ce baƙar fata su ja da baya, a bar fili mai faɗin kilomita 1 a tsakani. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. Yawancin masu ƙasar ba su so zama a sabon wurin ba, sai masu zuwa neman abinci suka cika shi: Basa, Bamileke, Ewondo, mutanen Togo da Dahomey, da Hausawa fatake da mahauta da maɗinka. Shekara 110 da ɗoriya ke nan. A unguwar Hausawa akwai gidajen da yaron da ke rataya jaka yau tattaɓa-kunnen wanda ya fara zuwa ne. Kakanninsa a nan suke kwance. Har yanzu takarda ba ta yarda shi ɗan nan ba ne.

Kwanaki ɗan yayata ya zo mini da takardar neman shiga wata jarrabawar ɗaukar ma'aikata. Ya cike ko'ina da kyakkyawan rubutu, sai gurbi ɗaya ya bari fari fat, inda ake tambayar jihar asali. Ya ce, "Kawu, a nan me zan rubuta?" Na ce ya rubuta inda aka haife shi, inda aka haifi ubansa. Ya dube ni ya ce, "Kawu, Litoral? Da wannan sunan nawa? Dariya za su yi mini." Na ce to ya rubuta Arewa. Ya ce, "Wane gari? Idan suka ce wane ne mai unguwarmu a can, me zan ce?" Yaron nan bai taɓa wuce Yawunde ba. Yana jin Hausa da Faransanci da Turancin kasuwa, yana gaisawa da Duwalanci, ya san kowane lungu daga Kasalafam zuwa Nkololun, ya san inda ruwa ke yanke hanya a watan Agusta. Amma a gaban wannan ɗan gurbi ya zama jemage, shi ba tsuntsu ba, shi ba ɓera ba.

Gurbin nan yana da tarihi. Tun 1982, a ƙarshen mulkin Ahmadu Ahijo, dokar jarrabawar shiga aikin gwamnati ta raba gurabe tsakanin lardunan ƙasa, ta kuma ce lardin mai nema shi ne asalin iyayensa, ba inda aka haife shi ba. Niyyar ita ce kada yankunan da suka riga shiga boko su cinye komai, kuma Arewa tana cikin waɗanda aka so a tallafa. Ban raina niyyar ba. Sai tsarin mulki na 18 ga Janairu 1996 ya zo da alkawarin kare haƙƙin 'yan asalin wuri, daga nan maganar ɗan ƙasa da baƙo ta shiga bakin kowa. Ranar 24 ga Disamba 2019 aka sa hannu kan dokar ƙananan hukumomi, wadda ta ce magajin babban birni irin Duwala dole ya zama ɗan asalin jihar. A wannan ranar dai aka sa hannu kan wata dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 2 da tarar sefa 300,000 zuwa miliyan 3 ga duk wanda ya ci zarafin wata ƙabila. An hana zagin ƙabila da baki, an kuma rubuta a doka cewa wasu 'ya'yan garin sun fi wasu zama 'yan gari. Ɗan sakandare yana ganin duka biyun, kuma ya san wadda take aiki a kansa.

Na san abin da 'yan ƙabilar Duwala za su ce, kuma ba zan toshe kunne ba. An ƙwace musu ƙasa, an rataye musu sarki, yau su tsiraru ne a garin kakanninsu. Tsoronsu yana da dalili. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce maganin wannan tsoro sai an buga wa yaro ɗan shekara 12 hatimin baƙunta da zai gadar wa jikokinsa. Ba Bahaushe kaɗai ake yi wa ba. A shataletalen Deido akwai mutum-mutumin nan mai tsawon mita 12 da Joseph-Francis Sumégné ya ƙera da tarkacen ƙarfe, aka kafa a 1996. Lokacin da aka kafa shi, surutu ya fi yawa kan cewa maƙerin Bamileke ne, fiye da kan aikin kansa. Yau hoton abin ya zama alamar birnin baki ɗaya. Duk ɗalibin da ke hawa babur ɗin haya, wato bensikin, daga New Bell zuwa makarantun Deido ta ƙarƙashinsa yake wucewa, kuma ba sai an yi masa bayani ba: a garin nan kafin a dubi aikinka, sai an tambayi daga ina ubanka ya fito.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin abin da irin wannan ke yi wa matashi. Erik Erikson, wanda ya fi kowa suna a wannan fage, shi kansa ya ɗanɗana. An haife shi a Jamus a 1902, bai taɓa sanin mahaifinsa ba. Uwarsa Bayahudiya ce, shi kuma dogo ne mai shuɗin ido, bai yi kama da dangin gidan ba. A makarantar Yahudawa yara suna ce masa bare, a makarantar gwamnati suna ce masa Bayahude. Da ya girma ya koma Amurka, har sunan zuri'a shi ya zaɓa wa kansa. A littafinsa na 1968 kan matasa ya bayyana cewa daga balaga zuwa wajen shekara 20, babban aikin da ke gaban yaro shi ne ya haɗa guntayen kansa wuri guda: wanda yake a gida, wanda yake cikin abokai, wanda yake fatan zama. Idan suka haɗu, ya samu ƙafar tsayawa, ya iya riƙe buri da alkawari. Idan suka ƙi haɗuwa, sai ruɗu ya shiga. Ya kasa zaɓar hanya, ya kasa tattara hankali kan aiki, wani lokaci ma ya rungumi mummunan sunan da aka laƙaba masa da hannu bibbiyu, don a ganinsa gara ya zama taƙadari sananne da ya zama ba kowa ba.

Wannan na ƙarshen ya kamata ya hana kowane uba a New Bell barci. Samarin da ke zaune a bakin kwata suna haɗiyar tiramol, da yawansu na san su suna yara, allo a hannu, tilawa raɗau. Ba wanda aka haifa da ƙwaya a baki. A majalisar 'yan ƙwaya ce kaɗai ba a tambayarsu jihar asali, ba a kuma yi musu dariyar Hausarsu.

Tun 1902 wani masani Ba'amurke, Charles Cooley, ya ce mutum yana gane kansa ne ta yadda yake zaton mutane na ganinsa. To me yaronmu yake gani a idon makaranta? A filin wasa sunansa ya ɓace, ya koma "Magida" ko "Alaji". Tun daga 2014, da rikici ya tsananta a Arewa Mai Nisa, aka ƙara masa "Boko Haram", shi da bai taɓa ganin Marwa ba, shi da waɗanda ake kashewa a can mafi yawansu masu salla ne irinsa. Na san makarantar da malami ya riƙe takardar wani yaro da ya ci lissafi ya ce a gaban aji, "Ashe kai ma kana iyawa, ba suya kaɗai ba." Aji ya fashe da dariya, malamin yana ganin yabo ya yi. Ku tsaya a ƙofar wasu makarantun da ƙarfe 7 na safe ku ga 'yan mata: ta iso bakin ƙofa, ta waiga hagu da dama, ta zare hijabi, ta ninke shi ƙanƙane ta cusa ƙarƙashin littattafai. Da an tashi ta zaro shi duk ya yamutse, ta mayar kafin ta shiga unguwa wani ya kai ƙara gida. Kullum sau biyu take sauya kanta. Ranar Juma'a kuma namijin ya zaɓa, ko darasi ko masallaci, duk wanda ya ɗauka akwai mai jiransa da faɗa.

Kada wani ya ce wannan ba ya taɓa sakamako. A 1995 Claude Steele da Joshua Aronson sun yi gwaji a Jami'ar Stanford ta Amurka. Ɗalibai baƙaƙe da farare suka zauna jarrabawa iri ɗaya. Wasu an ce su rubuta launin fatarsu a takarda kafin su fara, wasu ba a tambaye su ba. Baƙaƙen da aka tambaya sun yi ƙasa, waɗanda ba a tambaya ba suka yi kafaɗa da kafaɗa da fararen. Masana sun yi ta jayayya daga baya kan girman tasirin, wasu gwaje-gwajen sun same shi ƙarami. Amma dalilin da suka kawo kowane malami mai gaskiya ya san shi: ƙwaƙwalwa ɗaya ce. Rabin da yaro ya kashe yana fargabar kada ya tabbatar da abin da ake faɗa kan mutanensa, wannan rabin ba ya cikin jarrabawar.

Yanzu na juyo gida, kuma a nan ne raina ya fi ɓaci, domin gwamnati ba ta haifi yaran nan ba, mu muka haife su.

Yaro ya dawo daga makaranta an wulaƙanta shi, me yake tararwa? Ya yi suɓul da baka ya amsa wa babansa da Faransanci, a ce ya zama Nasara. Ya kawo abokinsa ɗan Basa gida, a tambaye shi me ya haɗa shi da arna, alhali da su yake zama benci ɗaya shekara da shekaru, su suke ara masa littafi. Ya yi tambaya kan addini, tambayar da aka jefa masa a aji bai samu amsa ba, a ce boko ya fara cin imaninsa. Da hutu a kai shi Garwa ko Kano wurin dangi, ya buɗe baki ya ce "Goggo ya zo", a kwashe da dariya, a sa shi ya maimaita don baƙi su ji Hausar Kamaru. Daga ranar sai ya yi gum. Wanda aka yi wa dariya a harshen uwarsa ba ya ƙara sakin baki da shi, kuma mu ne za mu dawo muna kukan yara sun yar da Hausa. Wa ya koya masa? Ko boko ko ajami, wa ya taɓa zaunar da shi ya karanta shafi ɗaya na Hausa? Abin da ya sani na Hausa a fim ɗin Kano ya gani, kuma a fim ɗin babu kwata irin ta New Bell, babu ruwan sama na wata da watanni, babu yaro mai harshe huɗu. Ko a can bai ga kansa ba.

Frantz Fanon ya rubuta a 1952 cewa a ƙarƙashin mulkin Faransa ana auna mutuncin baƙar fata da gwargwadon iya Faransancinsa. Muna ƙorafin wannan ma'auni, sai muka ƙera namu: muna auna Hausancin yaro da gwargwadon nisansa da boko. Duka biyun yaron ne ke biya.

Ba sai mun je Turai neman fahimta ba. Ɗan ƙasar nan ne, Farfesa Bame Nsamenang na ƙasar Nso, wanda ya koyar a Bambili ya rasu a 2018, ya rubuta littafi a 1992 yana ƙalubalantar masana Turai. Ya ce a wurinmu yaro ba shi kaɗai yake gina kansa ba. Jama'a ce ke shigar da shi mutumtaka mataki-mataki, daga ranar suna, zuwa aike, zuwa riƙon ƙanne, har a damƙa masa amanar da ta fi wannan. Duk Bahaushe ya san wannan hanya, da ita ake yin mutumin kirki. Idan haka ne, nauyin yana wuyan jama'a. Yaro ɗan shekara 11 da ke tsare shagon ubansa a kasuwar Kongo ranar Asabar, yana ciniki da harshe uku, yana ba da canji ba kuskure, yana gane wanda zai biya bashi da wanda ba zai biya ba, makaranta ba ta ɗaukar wannan a matsayin basira. Gida kuma ba ya ɗaukar takardar sakamakonsa a matsayin abin alfahari. Uba nawa ne a cikinmu suka san ajin da ɗansu yake? Muna aika kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, APEE, amma ranar taro kujerunmu babu kowa, a yanke hukunci kan tufafi da lokutan darasi ba mu nan, mu zo muna gunaguni a bakin masallaci. Da yaro ya faɗi aji sau ɗaya, hukunci ya riga ya fito: a cire shi, ya je kasuwa, dama ba namu ba ne. Idan mace ce, ba a ma jira ta faɗi.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. Ma'aikatar ilimin firamare ta sha faɗin cewa ɗalibai fiye da miliyan 1 a ƙasar nan ba su da takardar haihuwa, kuma ba tare da ita ba yaro ba ya zama jarrabawar CEP ko ta shiga sakandare. Ba a ƙauye kaɗai abin yake ba, yana nan cikin lungunanmu. A ranar bakwai a yanka rago, a raba goro, maroƙi ya yi shela, mata su yi anko, amma ba wanda zai taka zuwa ofishin magajin gari a rubuta sunan jaririn. Sai ya kai ajin ƙarshe, abokansa suna cike takardu, shi a ce masa babu shi a rajista, sai an je kotu an kawo shaidu. Ka ce wa yaro ɗan shekara 12 hukuma ba ta san an haife shi ba, kuma ubansa ne ya yi sakaci, sannan ka zo kana tambayar me ya sa ba ya ɗaukar kansa da daraja.

Wasu dattawa suna ganin idan aka bar yaro ya zama ɗan Duwala sosai, Hausancinsa zai zube. Wasu malamai kuma suna ganin sai ya ajiye Hausancin a bakin ƙofa zai zama ɗan ƙasa nagari. Dukansu sun yi kuskure, kuma akwai hujja. A 2006 John Berry da Jean Phinney da abokan aikinsu sun fitar da sakamakon bincike kan 'ya'yan baƙi fiye da 5,000 a ƙasashe 13. Waɗanda suka riƙe al'adar gidansu suka kuma shiga cikin jama'ar ƙasar da suke zaune, su ne suka fi kwanciyar hankali da daidaituwa a makaranta. Waɗanda suka rasa madafa a ɓangarorin biyu su ne a ƙasa. Wannan fa 'ya'yan waɗanda suka zo jiya ke nan. Ina ga yaron da zuri'arsa ta fi ƙarni a wuri ɗaya? Ba ya bukatar izinin kowa kafin ya ce shi Bahaushe ne, Musulmi, ɗan Duwala, ɗan Kamaru, a numfashi guda. Samuel Eto'o a New Bell ya tashi, kuma duk duniya ta san shi da unguwar. Kwatar da ya tsallaka ita ɗanmu yake tsallakawa.

Ga gwamnati, buƙatata a fili take: wanda aka haifa a jiha, aka haifi ubansa a cikinta, a bar shi ya rubuta ta a matsayin jiharsa ba tare da wani ya ɗaga masa gira ba. Malaman ba da shawara da ke manyan makarantu su daina tsayawa kan zaɓen fannin kimiyya ko adabi, su shiga aji su hana kiran yara da sunan ƙabila, su fara da abokan aikinsu. Dokar ilimi ta 14 ga Afrilu 1998 ta yi maganar bunƙasa harsunan ƙasa, kuma tun 2008 akwai sashen harsuna da al'adun Kamaru a babbar makarantar horon malamai ta Yawunde. Ƙofa a buɗe take. Mu nawa muka tura 'ya'yanmu can su fito malaman Hausa?

Amma ba zan jira Yawunde ba, kuma bai kamata ku jira ba. Alhazanmu da ke gasar gina bene da sauya mota, kuɗin tayoyi huɗu sun isa a biya malamin da zai koyar da karatun Hausa a Islamiyya kowace Asabar. Tsofaffin da suka san wa ya fara kafa masallacin unguwa, wa ya fara yanka a mahauta, ta wace hanya kakanni suka gangaro, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. A tura ɗaliban Jami'ar Duwala 'yan unguwa da wayoyin nan da ake zagi su naɗi maganarsu, a rubuta, a karanta wa yara, su san tarihinsu a birnin nan yana da farko.

Malamanmu limamai, Allah ya gafarta muku, mafi sauƙin aikin yana hannunku. Babu jaririn da ake raɗa wa suna a New Bell ba da saninku ba. Kafin a shafa fatiha, ku tambayi uban yaro a gaban jama'a ko ya kai sunan ofishin magajin gari. Idan bai kai ba, ku sa masa rana, ku haɗa shi da wanda zai raka shi, Juma'a mai zuwa ya kawo muku takardar ku gani da idonku.